Kofin da ba ya saurin kifewa

A garin Paki shayin gida a kan tabarma ake shan sa, ga yara na rarrafe, ga masu wucewa. Shi ya sa nake ganin darajar kofin nan mai faɗin gindi da tsukakken baki. Nauyinsa na ƙasa, sai an ture shi da ƙarfi kafin ya kife, kuma ko ya girgiza, bakin yakan tare shayin. Ma'aikatan jiragen ruwa sun daɗe suna amfani da irinsa saboda tangaɗin teku.

Wanda ke gidanmu na ƙanena ne, mai tambarin Kano Pillars. Ya saye shi bayan ƙungiyar ta lashe gasar Najeriya sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014. Abokansa sun tara na Arsenal da Chelsea, sun jera a kabad, ba mai taɓawa. Ban ga laifinsu ba, ƙauna ce. Amma na fi son nasa, don kullum da safe ana zuba shayi a ciki, har tambarin ya fara koɗewa. Da hunturu ma shayin yakan jima bai huce ba, tunda bakin ba ya sakin tururi da wuri.