Ji Kafin Gani: Yadda Ake Sauraron Ƙasa Kafin A Haƙa Rijiyar Mai

Daga shekarun 1970 zuwa 2000, kamfanin mai na Najeriya, NNPC, ya haƙa rijiyoyi 23 a ɓangaren Najeriya na kwarin Tafkin Chadi. Biyu daga cikinsu, Wadi-1 da Kinasar-1, sun nuna iskar gas da ba ta kai ta kasuwanci ba, sauran kuwa ba su ba da komai ba. Ba da ka ake zaɓen wurin haƙa irin waɗannan rijiyoyi ba. Kafin a kafa inji, sai masana sun auna ƙasar, sun zana taswirar cikinta, sun ce nan ne ya fi dacewa. To wane irin awo ne wannan, da zai nuna wa mutum dutsen da ke kilomita uku ƙarƙashin ƙafarsa, amma ya kasa tabbatar masa ko akwai mai a ciki?

Mai sayen randa ba ya iya leƙa cikin yumɓun da aka gina ta da shi. Ƙwanƙwasa ta yake yi ya kasa kunne: idan amonta ya fita garau, lafiyayya ce, idan ya dusashe, akwai tsaga. Haka masu neman mai suke yi wa ƙasa. A tudu, manyan motoci ne ke sauke faranti na ƙarfe su girgiza ƙasa da shi, ko kuma a tayar da ɗan nakiya a cikin rami. A teku, jirgi ne ke harba iska mai ƙarfi a cikin ruwa. Sautin yana nutsawa ƙasa, duk inda ya tarar da iyaka tsakanin wani irin dutse da wani, sai wani kaso nasa ya dawo sama a matsayin amsa-kuwwa. Dubban ƙananan na'urorin saurare da aka jera a fili su ne ke kama ta, kwamfuta kuma ta tattara ta zama hoto, kwatankwacin hoton ciki da ake yi wa mai juna biyu a asibiti.

An fara gwada wannan dabara a Oklahoma ta Amurka a 1921. Shekara da shekaru, abin da take bayarwa shi ne hoton yanki guda, kamar an yanka burodi an dubi fuskarsa. Daga shekarun 1970 ne aka fara samun hoto mai tsawo da faɗi da zurfi, wanda masani zai iya juyawa ta kowace kusurwa.

Sai dai na'urar saurare lokaci take aunawa, ba zurfi ba. Abin da ta sani shi ne daƙiƙa nawa sautin ya ɗauka ya je ya dawo. Kafin a mayar da lokaci zurfi, dole a san gudun sautin, shi kuwa gudun ba ɗaya ba ne. A cikin iska, kusan mita 340 yake yi a daƙiƙa. A ruwa, kusan mita 1,500. A duwatsun da mai ke kwanciya, daga wajen mita 2,000 har zuwa 6,000, gwargwadon taurinsu. Idan amsa-kuwwa ta dawo bayan daƙiƙa 2, aka ƙiyasta gudun a mita 3,000, dutsen yana zurfin mita 3,000 ke nan, tun da tafiyar zuwa da dawowa ce. Amma kuskuren kashi 10 cikin 100 a ƙiyasin gudun ya isa ya gusar da dutsen da mita 300 daga inda aka zata.

Wannan gudu kuma shi ne ke ba da labarin da rayukan ma'aikata suka rataya a kansa, wato labarin matsi. Duwatsun ƙarƙashin ƙasa suna da ƙananan ƙofofi cike da ruwa, ko mai, ko gas. A ƙa'ida, duk mita 10 da aka nutsa, matsin ruwan yana ƙaruwa da kusan kwatankwacin matsin iskar da ke kan doron ƙasa, don haka a zurfin mita 3,000 ya ninka shi wajen sau 300. Amma akwai inda laka ta binnu da sauri, ruwan cikinta bai samu hanyar fita ba, sai ya ɗauki nauyin duwatsun da ke samansa. A irin wannan wuri matsin yakan zarce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Da yake dutsen bai matsu yadda ya kamata ba, sauti yakan rage gudu a cikinsa. Saboda haka idan masani ya ga gudun da ya kamata ya riƙa ƙaruwa da zurfi ya koma raguwa, ya san akwai abin tsoro a gaba. Lissafin da Ben Eaton ya wallafa a 1975 yana cikin waɗanda har yanzu ake amfani da su wajen mayar da wannan raguwa ƙiyasin matsi.

Da wannan ƙiyasi ake haɗa lakar haƙa, wato ruwa mai kauri da ake turawa cikin rijiya don ya danne abin da ke ƙasa. Idan lakar ta yi rashin nauyi, gas zai kutso ya taso. Idan ta yi nauyi da yawa, za ta tsaga dutsen ta zurare, rijiyar ta rasa abin danne ta. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu ake tafiya, wani lokaci kuma tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Rijiyar Macondo da ke mashigin tekun Meziko tana cikin masu irin wannan ƙunci. An yi ta asarar laka a lokacin haƙarta, abin da ya shafi yadda aka tsara simintin rufe ta. Simintin bai riƙe ba, aka kuma yi wa gwajin matsi gurguwar fahimta. Ranar 20 ga Afrilu, 2010, gas ya taso ya kama da wuta a dandalin haƙa na Deepwater Horizon. Mutum 11 suka mutu, mai ya kwashe kwana 87 yana malala cikin teku.

Abin da amsa-kuwwa ta fi iya nunawa shi ne siffa: inda dutse ya lanƙwashe kamar an kifa ƙwarya, ko inda ya karye ya toshe hanya, wato tarkon da mai zai iya taruwa a ciki. Ko ya taru ɗin, wannan wata magana ce. Sai an samu dutsen da ya haifi man, da zafin da ya dafa shi daidai, da hanyar da ya bi, da murfin da ya hana shi tsiyayewa. Gas yakan sa wuri ya yi haske a hoton, amma ɗan gas da bai kai a sayar ba yana iya yin haske kamar mai yawa, haka ma dutsen da aman wuta ya cusa tsakanin sauran, irin wanda ake samu a kwarin Binuwai da na Chadi. A 1983 an haƙa rijiyar Mukluk a tekun arewacin Alaska, bayan kamfanoni sun zuba sama da dala biliyan 1 a kan tarkon da hoto ya nuna. Tarkon yana nan, dutsen ma da tabon mai a jikinsa, amma man ya riga ya tsiyaye tun kafin a yi ɗan Adam.

Wannan bai sa a yanke ƙauna ba, domin hoto yana gyaruwa. A Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, kamfanin Shell ya haƙa rijiya a 1999, ya samu gas kaɗan, ya tashi. Daga baya NNPC ya sake sauraron wurin da sabon hoto mai zurfi, ya fara haƙa rijiya ta biyu a watan Fabrairun 2019, ya nutsa sama da ƙafa 13,000, a watan Oktoba kuma ya sanar da samun mai da gas. A Nuwambar 2022, lokacin ƙaddamar da aikin, gwamnati ta ambaci ganga sama da biliyan 1. A Agadem ta Nijar, kamfanin CNPC na Sin ya karɓi aiki a 2008, aka fara fitar da mai a 2011 zuwa matatar Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana.

Neman ba kyauta ba ne. Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin 100 na wani ɓangaren ribar NNPC don bincike a irin waɗannan yankuna. A watan Yulin 2017 kuma, 'yan Boko Haram sun yi wa ayarin masu binciken mai kwanton ɓauna a yankin Magumeri, suka kashe mutane da dama, ciki har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri.

Saboda haka duk wanda ya ji an ce an gano mai a jiharsa, yana da haƙƙin ya tambayi wane mataki ake nufi. Hoto ne ya nuna tarko? Rijiya ce ta taɓa mai? An gwada ta an ga ganga nawa take bayarwa a rana? An haƙa wasu a kewayenta an san faɗin tafkin? Kuɗin fitar da shi zai dawo? Matakai biyar ne daban-daban, kuma a kowanne ana iya tsayawa. Amsa-kuwwa ji ce, rijiya ita ce gani, Bahaushe kuwa ya riga ya faɗi wanda ke korar wani.