Tatsuniyar da Ba Ta da Ƙurunƙus

Ya ku 'yan'uwana mata, ga wani abu da ya daɗe yana damuna. Mu nan Unguwar Tudu ta ƙasar Gwarzo da tatsuniya muka tashi. Marainiya ta sha wuyar kishiyar uwa, ɗan sarki ya aure ta, kaka ta yi ƙurunƙus tun fitila ba ta mutu ba. Kowa ya kwanta da farin ciki.

To, sai ga wasan Labarina na Malam Aminu Saira, wanda tashar Arewa24 ta fara nunawa cikin 2020. Muka ɗora rai a kan Sumayya da Mahmud. Yau saɓani, gobe Presido ya shiga tsakani, mu kuwa tuwo na ƙonewa muna ta tsaki. Har Nafisa Abdullahi ta bar wasan cikin 2022, Fati Washa ta zama Sumayya, ba mu ga wannan biki ba.

Dalili kuwa a fili yake. Kaka ba ta sayar da kome, saboda haka takan ƙare labarinta. Mai wasan talabijin kuwa jiranmu ne jarinsa, da shi ake samun talla. Ran da aka ɗaura aure, kasuwa ta watse.

Tsorona ɗaya, kada 'yammatanmu na makaranta su zaci so ba ya cika sai da kuka. 'Yata, saurayin da ke sa ki hawaye kullum ba ɗan sarki ba ne. Wahalar Sumayya alƙalami ya rubuta, ana iya gogewa, taki kuwa ba mai goge miki. Allah ya kiyashe mu, amin.