Ta'aziyyar Samanja Daga Bakin Binuwai

Ranar Lahadi 12 ga Nuwamba 2023 Allah ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi, wato Samanja, rasuwa a Kaduna. Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan. A nan Garwa ba wanda ya shimfiɗa tabarmar makoki, don ba danginmu ba ne, ba ma ɗan ƙasarmu ba ne. Amma duk wanda furfura ta cika wa gemu a garin nan, in ka ce masa Samanja Mazan Fama ya rasu, sai ya yi salati, kafin ya rufe baki murmushi ya ƙwace masa. Na daɗe ina cewa zan rubuta wani abu a kansa, ciwon ido da kasala suna hana ni. Abin da ya tunzura ni yanzu shi ne wata sana'a da yaran unguwarmu suka ɗauko: su sami dattijo mai tallan goro su ce masa jandarmomi sun kama ɗansa, ɗaya yana laɓe da waya yana ɗauka, tsoho ya zubar da faifai ya fita hayyacinsa, su kuma su watsa a TikTok su ce barkwanci ne. Har wani a cikinsu yake kiran kansa ɗan wasa.

Tsararrakina sun san yadda muka san Samanja, ba sai na yi dogon bayani ba. Muna da Rediyon Garwa, tana labarai da gaishe-gaishe da Fulatanci da Hausa da Faransanci, kuma zamanin Ahmadu Ahijo ba a wasa da ita, tunda garinsa ne. Amma wasan kwaikwayo na Hausa daga Kaduna yake zuwo mana a gajeren zango, murya tana zuwa tana ɓacewa, mai rediyo yana karkata eriya yana zagin batir. Talabijin kuwa ba ta shigo Kamaru ba sai 1985. Saboda haka mun yi shekaru muna jin mutumin nan ba mu san fuskarsa ba, kowa da irin Samanjan da ya zana a ransa. Nawa dogo ne baƙi mai sanƙo. Sai daga baya, da fatake suka fara shigo da kasakasan bidiyo ta Yola da Mubi, muka ga gashin bakin da kakin.

Banufe ne daga Pategi, can bakin Kwara, kuma ɗan gidan sarauta. Ya yi soja na gaske, ya ga yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, ya yi aikin gidan rediyon Kaduna, sannan NTA ta kai wasansa ko'ina a ƙasarsu. Hausar da yake yi a wasa ba ta Kano ba ce, ba ta Sakkwato ba. Hausar bariki ce, wadda Batibi da Ba'angashe da Bazabarme suke haɗuwa a kanta, a karya ta nan, a ɗaure ta da Turancin buroka can. Mutanen Kano suna dariya don sun ji an karya musu harshe. Mu dariyarmu daban take. Mu da muka tashi muna cakuɗa Hausa da Fulatanci da Faransanci a jimla guda, waɗanda in muka je Kano fatauci ake tambayarmu daga wane ƙauye muke, sai muka ji ga mutum yana magana a karkace irin tamu, kuma duk Arewa ta yi tsit tana saurarensa.

Ban taɓa zama gabansa ba, amma ina lissafa shi cikin malamaina, kuma ga dalili. Maigidan da ya koya mana wasa tela ne a bayan babbar kasuwa, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. In lokacin shirin ya yi sai ya tsayar da keke, ya tara mu, ba mai tari. Ana gamawa ya kashe rediyo ya fara tambaya. Ba ya tambayar abin da Samanja ya faɗa, kowa ya ji wannan. Tambayarsa ita ce a ina ya yi shiru, kuma me ya sa dariyar ta zo bayan shirun ba kafinsa ba. In ka kasa sai ya ce, “Kai yaro, kunnenka na ado ne?” Mu ce, “A gafarce mu, Maigida.” A wurinsa na gane cewa samanja a bariki mutum ne da aka matse tsakanin hafsa da kurtu: sama a yi masa tsawa ya ƙame, ya juyo ƙasa ya sauke ta a kan na baya, ya koma gida kuma ya tarar da rigimar da igiyar hannunsa ba ta iya kashewa. Duk dariyar daga wannan matsin take fitowa. Dokar Maigida guda ce, kuma daga nan ya ciro ta: ka yi wa muƙami dariya, ka yi wa hali dariya, amma kada ɗan kallo ko ɗaya ya koma gida yana jin da shi ake, har a nuna shi da baki a masallaci.

Dandalinmu ba wani dandali ba ne. Filin makaranta, bencina, zannuwan matan unguwa a ɗaure a igiya su zama labule, fitilar gas biyu. Muna yi ranar matasa, 11 ga Fabrairu, da ranar 20 ga Mayu, da bikin duk wanda ya gayyace mu. Mace ba ta hawa, sai ɗayanmu ya ɗaura zane ya kafa ɗankwali, kuma akwai wani siriri a cikinmu wanda har ya tsufa ana kiransa da sunan matar da ya taɓa fitowa. Littattafai daga Zariya ake kawo mana, Uwar Gulma da Jatau na Kyallu, mu karanta mu ajiye mu yi namu, don matsalar Garwa ba lallai ta zama ta Zazzau ba. Mu namu na auduga ne, da mai awo da manomi, da ɗan kwale-kwale da ɗan kwastan. Asali ma ai ba baƙon abu muka ɗauko ba. Wanda ya yi tashe da azumi yana yaro, ya ga 'yan kama suna wa malanta shaƙiyanci a kasuwa, ya riga ya shiga makarantar tun bai sani ba.

Muna da namu sojan a wasa, kwaikwayon Samanja ƙiri-ƙiri, sai dai namu da Faransanci yake karya Hausarsa. Shi jama'a suka fi so. Sai 6 ga Afrilu 1984 ta zo, wasu daga dogaran fadar shugaban ƙasa suka yi yunƙurin kifar da Paul Biya a Yawunde, abin bai yiwu ba, aka kama 'yan Arewa da yawa, aka harbe wasu. Wanda ya rayu a Garwa a shekarar ya san irin shirun da gari ya yi. Maigida ya naɗe kakin nan da hannunsa ya tura ƙarƙashin tarin yadi, bai ce mana komai ba, mu ma ba mu tambaya ba. Abin mamaki, a tsallaken iyaka soja ne ke mulki, Janar Buhari ya karɓa tun ƙarshen 1983, Babangida ya biyo a 1985, amma Samanja yana nan yana sa talakawa dariya da kaki a gidan talabijin na gwamnati. Sun bar shi ne don nasu ne, ya ci gabzar da suka ci, ya san inda takalmin yake matsa. Akwai abokina, malamin makaranta, da ya rantse cewa wannan ɗin ne laifin Samanja: ya wanke soja ya mai da shi abin so, alhali a titi bulala yake rabawa. Wata rana in ce ya yi gaskiya, wata rana in ce bai fahimci wasa ba. Har ya rasu ba mu gama wannan gardama ba. Mu a nan sai Jean-Miché Kankan ya ɗauke mana wani nauyin, da wasansa na katin shaida da ɗan sanda, wanda duk wanda ya taɓa tsayawa a shingen hanyar Ngaundare ya san ba ƙarya ba ne. Shi ma ya tafi tun 1997.

To ga maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma zan faɗe ta ko za a ji haushi. Bahaushe yana son wasa, ba ya son ɗan wasa. Maigidanmu ya nemi aure a wani gida, mutumin da yake zama layin gaba a duk wasanmu yana dariya har da hawaye, shi ne ya aiko a ce masa ba ya ba ɗan wasa 'yarsa. Bai ce tela ba, alhali da ɗinki yake ci da kansa, kuma bai taɓa cin bashin kowa ba. Da ciwo ya kwantar da shi, waɗanda suka leƙa shi ba su kai cikin benci biyu na 'yan kallonsa ba. Ranar jana'iza kuwa kowa yana ba da labarin ranar da ya sa shi dariya. Haka muke. Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disamba 2014, Kasimu Yero na Karambana da Magana Jari Ce ya bi shi ranar 3 ga Satumba 2017, ga Samanja. Kowanne sai da ya kwanta dama sannan aka tuna gwarzo ne, manya suka yi ta aiko da saƙon ta'aziyya mai daɗin karantawa. Ta'aziyya ba ta sayen magani.

Yaran yanzu kuwa komai kuɗi. Ba su san atisaye ba. Mu sai mu yi wata guda muna maimaita fitowa ɗaya, Maigida yana cewa a sake. Su sai su kunna waya, ɗaya ya faɗi a kwata, ɗaya ya zagi uwar wani, a ƙirga masu kallo. Ba labari, ba hali, ba wanda ya zauna ya lura da yadda mai unguwa yake gyara murya kafin ya yi ƙarya. Kuma ba su san ɗan kallo ba. Wanda ya tsaya gaban mutum ɗari biyu a filin makaranta, ya saki maganar da yake zaton za ta kashe su da dariya, ya ji shiru sai kukan jariri, wannan ya sami horon da waya ba ta bayarwa. A waya ba mai jifanka da ɓawon rake.

Amma kuma, 'ya'yana, kada ku ji na ce kuɗi ku ɗauka ina nufin ku yi kyauta. Ku karɓi haƙƙinku, ku karɓa tun kafin ku hau. Mu da aka ce muna yi don kishin al'ada, me muka tsira da shi? A ba mu lemo da shinkafa a ce Allah ya yi albarka, mai bikin kuma ya lika wa makaɗi dubban sefa a goshi. Kunyar tambaya ita ta kai Maigida inda ta kai shi. In da ya mai da wasan sana'a mai farashi, wataƙila da mutumin nan bai raina shi ba, don na lura wanda ake biya ba a cika ce masa ɗan iska ba. To ga shi na ce ku bar son kuɗi, na ce kuma ku nema. Ku daidaita da kanku, ni dai na ga ɓarnar kowanne.

Mutane suna cewa ai zamani ne, babu wurin yin wasa. A Janairun 2022 da aka kawo gasar ƙwallon Afirka, an gyara filin Roumdé Adjia ya zama abin kallo, 'yan Najeriya suka cika garin nan har ranar da Tunisiya ta fitar da su da ci ɗaya. Na ji daɗi, ni ma ɗan Coton Sport ne tun ba yau ba. Amma ɗan wasan kwaikwayo na Hausa ko na Fulatanci har gobe aron fili yake yi, kamar yadda muka yi shekara hamsin da suka wuce. Gidajen silima da muka sani sun rufe, finafinan Kano suka maida kowa ɗakinsa, waya ta zo ta raba ma 'yan ɗaki ɗaya. Ba wuri ne babu ba. Mutumin da ba za ka ba 'yarka ba, ba za ka gina masa zaure ba.

Ina zagin wayar nan, amma dole in ba ta nata. Ɗan abin da ya rage na Samanja da jikokina za su iya gani, a YouTube yake, guntu-guntu, hoto yana rawa, wani bawan Allah ne ya juyo daga tsohon kaset. Namu kuwa ko guntun babu. Duk wasannin da muka yi a garin nan, ba ko ɗaya a rubuce, ba ko ɗaya a naɗe, suna kawunan tsofaffi 'yan kaɗan da kowace damina sai an rage ɗaya. Na san akwai gidaje a Garwa da Marwa da Gidar da har yanzu akwai kwalayen kasakasai a saman sif, na Samanja, na Karambana, na shirye-shiryen rediyon Kaduna da iyayenku suka naɗa da hannunsu. Zafin Maris da Afrilu a nan yana wuce digiri 40, kuma zaren kaset ba ya jure wannan shekara da shekaru, mannewa yake yi. Mai su ya sauko da su tun bai mutu magada sun zubar a bola ba, ya miƙa wa yaran nan masu waya su juye. Wannan aikin dai sun iya shi, kuma ya fi tsorata mai goro.