Motar kawu ta shaƙe

Yau ba zancen gero ko na taki zan yi maka ba. Zancen mota ne. Ko ba ka da mota, ai kana shiga ta wani, kuma cikinta wakenka ke zuwa kasuwa.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye kudu da Gazawa. Mota ɗaya ke zuwa garinmu, ta kawuna ce. Peugeot 504 ce mai buɗaɗɗen baya, kuma ta girme ni. A Faransa aka fara ƙera 504 a shekarar 1968, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna. Ita ke kai buhunanmu Tasawa. Ita ke kai mai naƙuda likita. Ita ke kawo mini littattafai da alli.

Bara da hunturu ta kamu da wani ciwo. In tana tsaye, inji na juyawa lafiya lau. Da kawu ya taka totur sai ta shaƙe, kamar wanda tuwo ya tsaya wa a maƙogwaro. Wani sa'i ta yi tari ta wuce. Wani sa'i ta mutu murus.

Rannan mun fito daga hanyar yashi za mu tsallake kwalta, ga wani babban kamiyo tafe daga wajen Maradi. Kawu ya ba ta wuta. Sai ta mutu, gabanta bisa kwalta. Mu tara ne, har da mai goyo. Da ƙyar direban kamiyo ya kauce mana.

Kawu ya kai ta garaji a birni. Suka canza buji, ya biya. Ba ta warke ba. Suka canza bobin, ya biya. Sannan suka ce sai an sayo wani karbirato, jikka 40. Kawu ya fara zancen sayar da sansa na noma.

Cikin ɗalibaina akwai wani dattijo. Ya daɗe yana gyaran mota a Damagaram, da ganinsa ya ragu ya dawo gida. Sai yanzu yake koyon rubuta sunansa. Ya ce mini: "Mushe, da dare ni ne ɗalibi. Gobe da safe kai ne. Ka zo da littafin rubutu da bik."

Baba bai taɓa ko ƙusa ɗaya ba sai da ya yi wa kawu tambayoyi. Yaushe take shaƙewa? Da sanyin safiya, ko bayan ta yi zafi? In an taka a hankali, ko sai an taka da ƙarfi? Hayaƙinta baƙi ne? Kawu ya ce ba ruwanta da sanyi ko zafi, hayaƙi ba baƙi ba ne, kuma in ya lallaɓa ta tana tafiya. Na rubuta duka.

Ga abin da ya koya mini. Karbirato shi ke gauraya mai da iska kafin inji ya ƙone su. Kilo 1 na mai yana son iska wajen kilo 15. In mai ya yi yawa, hayaƙi zai yi baƙi, buji ma su yi baƙi. In mai ya yi kaɗan, mota za ta shaƙe, har ta yi atishawa ta bakin karbirato.

To, me ya sa sai an taka da ƙarfi? Ka karanta nan a hankali. Da ka taka totur, wata ƙofa ke buɗewa cikin karbirato. Iska ba ta da nauyi, sai ta riga mai shiga. Mai ya makara. Don haka aka sa wani ɗan famfo a gefen karbirato. Aikinsa ɗaya ne: ya tsarto mai daidai wannan lokaci. Cikinsa akwai wata roba mai kama da fatar kalangu. Ita ke tura man.

Amma Baba bai fara da famfon ba. Ya sa kawu ya ɗan ja cok, wato abin nan da ake ja da safe don rage iska, sannan ya taka. Shaƙewar ta ragu. Ya ce: "Rubuta, yunwa take ji. Mu bi hanyar mai tun daga tanki."

Muka buɗe murfin tanki, ba mu ji ya shaƙi iska ba, kenan ramin numfashinsa bai toshe ba. Muka cire matacin mai. Jar ƙasa ce cike, har da ɗan ruwa. Ban yi mamaki ba. Man kwalba muke saye bakin hanya, kuma ba mai tace shi ko da da ƙyalle. Muka sa sabon mataci, muka duba tiyo ko ya tsage. Ta ƙara ƙarfi wajen doguwar tafiya, amma shaƙewar nan ta farkon taki tana nan.

Sai aka kashe inji, aka cire matacin iska. Baba ya ce: "Idona ba ya gani. Kai leƙa ciki, ni zan motsa totur da hannu." Ya kamata in ga mai ya tsarto siriri da ƙarfi, kamar nono daga hantsar saniya. Ɗigo biyu kawai na gani.

Muka kwance murfin famfon. Robar ta bushe, ta tsage. Ɗan ramin da man ke fitowa shi ma ya kusa toshewa. Na ɗauko allura zan soka, Baba ya buge mini hannu. Ya ce allura na faɗaɗa ramin, daga nan mota ta shiga shan mai ba iyaka. Da famfon keke muka hure shi.

Ina roƙonka abu biyu, ɗan'uwa. In za ka leƙa cikin karbirato, inji ya kasance a kashe, don wuta na iya fitowa ta bakinsa. Kuma kada kowa ya kusanto da taba.

Jikka 3 aka sayo sabuwar roba a Maradi. Kawu ya taka totur da ƙarfi, mota ta zabura. San noma yana nan a turkensa. Takardar da na rubuta kawu ya ajiye ta cikin mota, kuma ran Laraba da ita muka yi darasi. Baba da kansa ya karanta "famfo", baƙi bayan baƙi.

Da bazara ta shigo, motar ta fito da sabon hali. In an tsaya da rana tsaka, ba ta son tashi sai ta huce. Baba ya ce mai yiwuwa zafi ne ke tafasa mai cikin tiyo. Ya ce in buɗe sabon shafi, in fara da tambayoyi.