Gizo-gizon da Muka Kasa Raɗa wa Suna

Duk wanda ya tsaya a gaban wannan allo makonni uku da suka wuce ya ga wata 'yar sanarwa da muka liƙa cewa babban labari na nan tafe daga aji 2B. Tun daga ranar ake tare mu a hanya ana tambaya, har wasu sun fara cewa ƙarya muka yi. To, ga labarin. Sai dai ba shi ne wanda muka yi niyyar bugawa ba.

Ranar da aka kai mu ziyarar buɗe ido Birnin Kudu, mun shiga ƙarƙashin manyan duwatsun nan da mutanen da suka yi zanen shanu a jikinsu. Ana cikin yi mana bayani, mu huɗu da ke baya muka leƙa wani lungu mai duhu da sanyi. Hafsat ta haska tocilan, sai muka ga wani ɗan gizo-gizo rataye a yanarsa, cikinsa a sama, bayansa a ƙasa. Jikinsa bai fi ƙwayar shinkafa ba, amma ƙafafunsa dogaye ne sirara kamar gashi. Da Sadiƙ ya taɓa yanar da tsinke, sai ya kama karkarwa yana juyawa da sauri har muka daina ganinsa sosai. Bilya ya ja da baya, ya ce wannan tautau ne, idan ya bi ta jikin mutum ƙuraje za su feso masa. Duk da haka muka lallaɓa muka tura shi cikin wata kwalbar man shafawa da ta ƙare, muka huda murfin. Ba mu tambayi kowa ba. Wannan shi ne laifinmu na farko.

Kafin mu iso gida mun riga mun gama shawara a mota. Tunda ba wanda ya taɓa ganin irinsa a cikinmu, kuma a kogo muka same shi, lallai sabon gizo-gizo ne da duniya ba ta sani ba. Har kan labari muka rubuta: Ɗaliban aji 2B sun gano sabuwar halitta. Muka yi ta gardama kan sunan wa za a sa masa.

Da muka kai wa malaminmu na kimiyya takardar ya sa hannu, ya karanta, ya dubi kwalbar, ya ce, "Wa ya gaya muku sabo ne?" Muka ce ai ba mu taɓa ganinsa ba. Ya ce, "Ni ma ban taɓa ganin Legas ba, amma ba ni zan gano ta ba." Ya ce masana sun riga sun ba gizo-gizo fiye da iri 50,000 suna, an cika wannan adadi tun shekarar 2022, kuma duk shekara ana ƙara wasu. Ya tambaye mu nawa muka sani a ciki. Muka yi tsit. Ya ce ba zai hana mu rubutu ba, amma sai mun bi abin daki-daki, kuma duk abin da za mu rubuta sai wanda idonmu ya gani.

Ya ba mu gilashin ƙara girman abu da rula. Matakin farko shi ne mu tabbatar gizo-gizo ne. Ƙwari irin su ƙuda da tururuwa ƙafa shida gare su, jikinsu kuma kashi uku ne. Namu ƙafa takwas muka ƙirga, jikinsa kashi biyu da ɗan siririn ƙugu a tsakani, ba fiffike. Malam ya ce akwai wata halitta mai ƙafa takwas dogaye da ake rikita ta da gizo-gizo, amma ita jikinta a dunƙule yake kamar ƙwallo ɗaya, kuma ba ta saƙa. Namu kuwa ya riga ya yi saƙa a cikin kwalba. Muka wuce wannan mataki.

Sai awo. Jikin ya kai milimita 5, ƙafar gaba kuma ta ninka jikin sau da yawa. Idanun ne suka ba mu wahala, don ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sai a rana ta biyu Hafsat ta ga sun taru uku a dama, uku a hagu, da wasu ƙanana biyu a tsakiya. Yanar kuma ba irin mai kyan zagaye ba ce da muke zanawa a littafi. Zare ne kawai a hargitse, kamar wanda kyanwa ta yi wasa da shi.

A nan ne muka lura da wani ɗan farin dunƙule da yake riƙe da shi a baki. Mun zaci abinci ne. Da muka duba da kyau sai muka ga ƙananan ƙwai ne a ɗaure da 'yan zaruruwa. Ashe mace ce. Nan take Bilya ya ce to ba Gizo ba ne, Ƙoƙi ce, sunan kuwa ya bi ta.

Malam ya ba mu aron wayarsa, muka shiga neman gizo a yanar gizo. Alamomin da muka tara, wato dogayen ƙafafu sirara, rataya a juye, karkarwa idan an taɓa yana, tsarin idanu, da ɗaukar ƙwai a baki, duk sun kai mu ga dangi ɗaya da masana ke kira Pholcidae. Mun karanta cewa dangin yana da iri fiye da 1,800. Wasu suna zaune a bakin kogo, wasu a ƙarƙashin ganye da ramukan duwatsu a dazuzzukan kan tsaunuka, kamar na Kamaru da Tanzaniya, wasu kuma a cikin gidajen mutane. Sauro da ƙananan ƙwari suke ci, har da wasu gizo-gizon, kuma ba su da wata illa ga mutum. Mun kuma koyi cewa gizo-gizon da ya daɗe da zama can cikin kogo inda haske ba ya kaiwa yakan zama fari fat, idanunsa su ƙanƙance. A shekarar 2012 ma an ba da bayanin wani a ƙasar Laos da ba shi da ido ko ɗaya. Ƙoƙi tana da idanunta takwas da launi a jiki, don haka 'yar bakin kogo ce.

Muka yi murna, muka ce saura sunanta na ainihi. A nan hanya ta ƙare mana. Hotunan da muka gani duk kama suke da juna kamar an tsaga kara. Malam ya ce masana irin su Bernhard Huber, wanda ke aiki a birnin Bonn na Jamus kuma ya yi bayanin iri da yawa na wannan dangi daga Afirka, ba da hoton waya suke rarrabe su ba. Suna duba wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke gefen bakin namiji baligi, ko wani ɗan wuri a ƙarƙashin cikin mace, ta madubin likita mai ƙarfi. Kafin a yi haka kuwa sai an jefa gizo-gizon cikin sifirit ya mutu, a sa takarda mai ɗauke da wurin da aka same shi da kwanan wata da sunan wanda ya kamo. Mu ko kwanan watan ba mu rubuta ba. Laifi na biyu ke nan.

Malam ya ce zaɓi ya rage namu. Ko mu sa ta a sifirit ya nemi wanda zai kai ta jami'a a duba, ko mu mayar da ita mu haƙura da suna. Gaskiya mun rabu biyu. Sadiƙ ya ce ai ilimi ake nema, kuma masana ma haka suke yi, ba don mugunta ba. Ya ce idan ta tabbata sabuwa ce, sunan makarantarmu zai shiga littafi. Hafsat ta ce mu ne muka ɗauko ta ba da izini ba, kwana tara ke nan tana riƙe da ƙwanta, ko sauron da muke jefa mata ba ta taɓa ba. Muka tashi ba mu daidaita ba.

Washegari da safe muka buɗe kabad, sai muka ga kwalbar cike da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu haske. Ƙwan ya ƙyanƙyashe. Mun ƙirga 21, suna maƙale kusa da uwarsu. Sadiƙ ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, a mayar da su." Ba a ma yi ƙuri'a ba. Da yake Malam yana bi ta Birnin Kudu idan zai je gida ƙarshen mako, shi ya tafi da kwalbar. Mun zana masa lungun a takarda. Ran Litinin ya ce ya buɗe murfin ya jingina ta da dutse har suka fita.

Akwai wani abin kunya da ya kamata mu faɗa. Kwana biyu bayan haka, muna share sito na makaranta, muka ɗaga kai muka ga gizo-gizo masu dogayen ƙafafu fiye da goma a kusurwar silin. Da muka taɓa yanar ɗaya sai ya kama karkarwa. Shekara biyu muna shiga ɗakin nan ba mu taɓa kallon sama ba. Ba mu ce iri ɗaya ne da Ƙoƙi ba, don yanzu mun san kama da wane ba ta wane ba ce. Amma 'yan dangi ɗaya ne.

Saboda haka ga abin da za mu iya bugawa da gaskiya: mun samu gizo-gizo mace 'yar dangin Pholcidae, mai tsawon milimita 5, a bakin wani kogo a Birnin Kudu, ɗauke da ƙwai. Iyakar abin da muka tabbatar ke nan. Muna ba Malam haƙuri kan ɗauko ta da muka yi ba izini, muna kuma ba masu karatu haƙuri kan sanarwar da muka yi gaggawar liƙawa.

Mun buɗe wani littafi da muke zana duk gizo-gizon da muka gani a harabar makaranta, da wuri da kwanan wata. Zuwa yanzu mun samu kala shida. Wanda ya ga wani, don Allah kada ya take shi da takalmi, kada kuma ya kama shi da hannu. Ya zo aji 2B lokacin tara ya kira mu, za mu zo da gilashi da rula.

Daga wakilan ƙungiyar 'yan jarida na aji 2B