Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Tarbar Sabon Bugun Wasan Yaƙi

Akwai wani wasa da Turawa ke yi a kan tebur, wanda na san da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla ba su taɓa gani ba, saboda haka ya kamata in ɗan bayyana shi kafin in shiga batun da ya sa na ɗauki alƙalami. Mutum biyu ne ke tsayawa a gefen wani babban tebur da aka jera wa 'yan kangaye da duwatsu da itatuwa na roba. Kowa ya zo da rundunarsa ta 'yan mutum-mutumin sojoji, waɗanda yawancinsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Da tef irin na tela ake auna tafiyar kowane soja, inci-inci, sa'an nan a jefa ƙwayoyin lido masu fuska shida domin a san ko harbi ya samu ko ya kuskure. Abin kuwa ya daɗe. Tun 1824 hafsoshin Furushiya, ƙasar da daga baya ta zama ginshiƙin Jamus, suke koyon dabarun yaƙi da irin wannan wasa a kan taswira. A 1913 kuma marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya buga littafin dokokin wasa da sojojin darma mai suna Little Wars.

Wanda ya fi shahara a zamaninmu shi ne Warhammer 40,000, na kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, daga baya ya mai da hedkwatarsa birnin Nottingham. Shi na koya sa'ad da nake karatu a Ingila, a wata ƙungiyar 'yan wasa da ke haɗuwa ran Alhamis da dare a zauren unguwa. Sojojin nan gutsattsari ake sayar da su. Kai za ka yanke su, ka kankare, ka manna da gam, sa'an nan ka zauna da ɗan siririn buroshi ka yi wa kowane ɗaya fenti, tun daga takalmi har ƙwayar ido. Soja ɗaya yakan ci mini awa biyu. Rundunata, wadda ake kira Astra Militarum, watau sojojin ƙasa na 'yan Adam, tana da dakaru tamanin da tankoki uku, shekara huɗu kuwa na yi ina gina ta.

To, ga inda gizo yake saƙa. Dokokin dara gado ne, ba mai su, yadda kakanka ya buga haka za ka buga. Dokokin wannan wasa kuwa suna da mai su, kuma lokaci-lokaci yakan sake rubuta su ya fitar da sabon bugu. Na farko ya fito a 1987, na biyu a 1993, na uku a 1998, na huɗu a 2004, na biyar a 2008, na shida a 2012, na bakwai a 2014, na takwas a 2017, na tara a 2020, na goma a 2023. Kowane bugu yakan zo da nasa canji. Na takwas ya soke 'yan faya-fayan robar da ake ɗorawa a kan sojoji domin auna faɗin fashewar bam. Na tara ya rage girman fagen fama daga ƙafa shida da ƙafa huɗu zuwa inci 60 da inci 44. Sojan da yake gwarzo jiya yana iya wayar gari ba shi da wani amfani, alhali fentinsa bai ko dushe ba.

Mai karatu zai ce, to mene ne abin damuwa a cikin wasa? Abin damuwar shi ne kuɗi da shekaru. A 2015 kamfanin ya rufe babban wan wannan wasa, Warhammer Fantasy Battle, wanda ake bugawa tun 1983, ya maye gurbinsa da wani sabo mai suna Age of Sigmar. Mutanen da suka yi shekara ashirin ko talatin suna tara runduna suka ga kamar an share musu gona. Har akwai wanda baƙin ciki ya sa ya cinna wa rundunarsa wuta, ya ɗauki abin a bidiyo ya sa a intanet. Tun daga lokacin, duk sa'ad da aka ji ƙishin-ƙishin ɗin sabon bugu, sai gaban 'yan wasa ya riƙa faɗuwa.

Ni dai abin da shirin tarbar bugu na goma ya koya mini shi ne rarrabe abin da na mallaka da abin da aka ara mini. Dokoki na aro ne, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Abin da yake nawa shi ne aikin hannuna da abokan da nake tsayawa da su a gefen tebur. Duk shirin da na yi a kan wannan na gina shi.

Na fara da kame hannu daga sayen littattafai. Kowace runduna tana da littafin dokokinta da ake kira Codex, sabon na rundunata kuwa ya fito a farkon 2023. Wani dattijo a ƙungiyarmu, wanda ya fara wasan tun bugu na biyu, ya ce mini in ƙirga da yatsa: 2014, 2017, 2020, shekara uku-uku ke nan. Na ƙirga, na haƙura, na riƙa leƙa na ƙungiya idan zan yi wasa. A watan Maris aka ba da sanarwar sabon bugu, a watan Yuni ya fito, duk littattafan runduna na bugu na tara kuma suka daina aiki a rana ɗaya. A madadinsu aka ba da dokokin kowace runduna kyauta a intanet, har zuwa lokacin da sababbin littattafai za su biyo baya.

Kuɗin da ban kashe ba bai kai darajar lokacin da na samu ba. Kowane ɗan wasa yana da akwatunan da ya saya bai buɗe ba, da sojojin da ya haɗa bai yi wa fenti ba, suna nan toka-toka a cikin kabad. Watanni uku na tsakanin sanarwa da fitowa su ne suka fi dacewa da wannan aiki, domin ba wanda ya san abin da zai yi ƙarfi gobe, saboda haka ba dalilin fifita wani soja a kan wani sai don kana son sa. Dakaru ashirin na gama a wannan tsakani. Tankokina kuwa ban manne bindigoginsu da gam ba. Na huda su na sa ƙananan maganaɗisu, ta yadda duk bindigar da sababbin dokoki suka so sai in cire wannan in maƙala waccan.

Sai kuma ban-kwana da tsohon bugu. Mun shirya 'yar gasa ta makonni shida a ƙungiya, kowa ya fito da sojojin da ya daɗe bai taɓa ba. Da sababbin dokoki suka iso, muka buga su a takarda muka zauna muka karanta tare, muka fara da ƙananan wasanni na maki 500 maimakon 2000 da aka saba yi a gasa. A nan na ga wani amfanin sabon bugu da ba a cika faɗa ba. Dattijon nan mai shekara talatin a wasa da yarinyar da ta shigo watan jiya duk sun zama 'yan aji ɗaya. An soke zagayen masu sihiri da ake yi daban, an ƙara wa tankoki tauri, an daina biyan maki a kan kowace bindiga. Kowa yana tuntuɓe, kowa yana tambaya, ba mai jin kunyar buɗe takarda. Ƙungiyarmu ba ta taɓa cika kamar yadda ta cika a wannan bazara ba.

Na san wasu za su ce duk wannan dabarar kasuwa ce, a tsufar da abin da ka saya domin ka sayi sabo. Akwai gaskiya a ciki. Bugu na goma ya zo da babban akwati mai suna Leviathan, mai sojoji 72, kuma kamfani da ciniki yake rayuwa. Wasu tsofaffin sojoji ma akan mai da su wani rukuni da ake kira Legends, wanda yawancin manyan gasa ba sa karɓa. Amma duk wanda ya buga ƙarshen bugu na tara ya san dokokin sun yi kiɓa, gyara a kan gyara, har sai mutum ya ɗauko littafi uku kafin ya jefa ƙwaya ɗaya. Gidan da aka daɗe ana yi wa ƙari, wata rana sai an rushe wani sashe. Bayan haka kuma, ba wanda ke zuwa gidanka ya ƙwace tsohon littafi. Har yanzu akwai masu haɗuwa su buga bugu na biyu da sojojin ƙarfe na 1993, ba su nemi izinin kowa ba.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, idan ka shiga wannan wasa, ka riƙa ƙirga shekaru. In lokaci ya matso, ka ajiye kuɗinka, ka ɗauki buroshi, ka riƙe abokanka. Kada ka sayar da runduna domin jita-jita, balle ka lalata ta domin fushi. A watan Janairu na 2024 kamfanin ya dawo da tsohuwar duniyar nan da ya rufe a 2015, da sunan Warhammer: The Old World. Waɗanda suka naɗe sojojinsu a tsumma suka tura ƙarƙashin gado shekara tara, sai suka jawo akwati, suka kaɗe ƙura, suka sake musu ɗan gindin da suke tsayawa a kai, suka koma fagen fama. Wanda ya ƙone tasa kuwa, in yana son komawa, sai ya fara daga soja na farko.