Kafin Ki Sa Hannu

'Yata,

Mahaifiyarki ta kira ni da sassafe, murna ta hana ta ko gaisuwar kirki, wai wata jami'a a Amurka ta kira ki hira don ɗaukar mataimakiyar farfesa. Allah Ya sanya alheri, Ya sa a dace. Ita a ganinta magana ta ƙare, saura walima. Ni kuwa da furfura ta same ni a wannan sana'a ta fiziks ɗin daskararrun abubuwa, na ga gara in zauna in rubuto miki, don abin da ke bakina ya fi ƙarfin waya.

Awo kika iya, shi ya sa suka kira ki. Kin san yadda ake sanyaya ɗan ƙwayar abu har ya kusa ƙarshen sanyi, a jona masa wayoyi da suka fi gashi siranta, a karanta yadda lantarki ke gudu a cikinsa. Amma aikin da suka tallata ya wuce nan. Suna neman wadda za a miƙa wa ɗaki fanko ta mayar da shi ɗakin gwaji, ta nemo kuɗin tafiyar da shi, ta horar da ɗalibai, tana kuma shiga aji. A yawancin jami'o'in can, a shekara ta shida ake zama a kan fayil ɗinki, ko a tabbatar miki da kujerar dindindin, ko a ba ki shekara guda ki nemi wani wuri. Abokin aikinki mai aiki da allo da kwamfuta zai fara fitar da takardu tun zuwansa. Ke kuwa agogonki na tafiya alhali firjin da za ki sanyaya samfuranki da shi bai ma baro masana'anta ba.

Don haka in magana ta kai ga ciniki, kada ki ƙarar da ƙarfinki a kan albashi. Shi dai sananne ne, na wata tara suke biya, sauran ukun ki cike da tallafin bincike. Inda za ki kafe shi ne jarin kafa ɗakin gwaji. A manyan jami'o'in bincike yakan kai dala miliyan ɗaya ko fiye ga mai gwaje-gwaje irinki, kuma kada yawansa ya ruɗe ki, firji da maganaɗisu da albashin ɗalibai za su lashe shi kina kallo. Ki sa a rubuta komai a takardar tayin: wane ɗaki ne, wa zai biya gyaransa, yaushe za a gama, kuɗin suna da wa'adin da in ya wuce za a janye su ko babu, za a rage miki koyarwa a shekarar farko ko a'a. Shugaban sashen da ya yi miki alkawari da baki zai iya sauka kafin ki iso. Na ga an yi wa wani haka, ya shekara yana bin ofis-ofis da maganar da ba wanda ya tuna.

Ranar hirar ki ce a kai ki ɗakin, ki tsaya a cikinsa. Ki ɗaga kai ki dubi tsayin rufi, domin gwangwanayen firjin ta ƙasa ake zare su, in ɗaki ya gajarta kin shiga uku. Ki ɗora tafin hannu a daɓe ki saurara. In akwai lif ko manyan famfuna a bayan bango, girgizarsu za ta fito a awonki kullum. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ba taga, wanda kowa ke gudu, shi ne naki. Ki tambayi bututun ruwan sanyaya injuna, ki tambayi nawa ake biya a awa a ɗakin nan mai tsafta inda ake zana wayoyin. Sannan ki leƙa shagon kanikawan sashen ki gaishe su da kyau. Mutumin da zai feƙe miki tagulla daidai da awo cikin kwana biyu ya fi shugaban tsangaya amfani gare ki.

Sai hiliyam, wanda da shi ake sanyaya firjin. Ba ƙera shi ake yi ba, daga rijiyoyin gas ake tace shi, akasari a Amurka da Katar da Aljeriya da Rasha, wanda ya tsere sama kuwa ya tafi ke nan. A ƙarancin 2022 ɗakunan gwaji da dama sun dakatar da awo. Ki tambaya ko sashen na da injin tara shi a sake mayar da shi ruwa. In babu, sai firji busasshe, wanda ba ya shan ruwan hiliyam, irin na Bluefors na ƙasar Finlan, amma ki san ana daɗewa a layi kafin ya iso, kuma bugun injinsa ma girgiza ce da za ki yi fama da ita.

A zaman da za ki bayyana shirinki, dole wani dattijo ya tambaye ki, me za ki yi da farfesan da kike aiki a ƙarƙashinsa yanzu ba zai riga ki ba? Ki tanadi amsa. Ki je da aiki biyu, ɗaya mai nisan zango, ɗaya kuma wanda zai ba da sakamako da kayan da ke hannu. Geim da Novoselov da salatif suka ɓare girafin daga girafait a Manchesta a 2004, suka karɓi Nobel a 2010. Ana yawan kawo wannan labari don nuna ba sai da kuɗi ba, ni ban cika yarda ba. Da Jarillo-Herrero da mutanensa a MIT suka ɗora girafin kan girafin da karkatar digiri 1.1 a 2018, suka ga lantarki na gudu ba turjiya, sai da suka sauka ƙasa da kelbin 2, wannan kuwa ba aikin salatif ba ne. Fagen ma yanzu ya cika maƙil, sai ki yi tunani kafin ki kutsa. Kafin a gama gyaran ɗakinki, ki rubuta buƙata zuwa cibiyar maganaɗisu ta Talahasi a Fulorida. Suna da mai tesla 45, ba sa karɓar kuɗi in buƙatarki ta samu shiga. Da haka takardunki ba za su yanke ba.

Ɗalibanki na farko ki zaɓe su a natse, su za su koya wa na baya yadda ake komai, har da munanan ɗabi'u. Kuma ki riƙa duba ɗanyen awonsu da idonki. Schön a Bell Labs, hayaniyar layi iri ɗaya da aka gani a zane-zanen gwaje-gwaje daban-daban ce ta tona ƙaryar awonsa a 2002, sunayen manya kuwa na kan takardun. Mujallar Nature ta janye takardu biyu kan gudun lantarki ba turjiya a zafin ɗaki, a 2022 da 2023. Matsin shekara ta shida na sa mutum ganin abin da yake so ya gani. In sakamako ya yi kyau da yawa, ki sa a sake yin wani samfurin daga farko.

Mahaifiyarki ta ce in tambaye ki yaushe za ki dawo gida. Na ce mata firjin da ke son wuta dare da rana ba yankewa ba zai zauna a inda ake ɗauke ta ba gargaɗi ba, ta ba ki lokaci. In kin zauna da gindinki, ki buɗe ƙofa ga yaranmu masu neman digiri na uku, akwai masu kai sosai.

In takardar tayi ta fito, ki turo mini in karanta kafin ki amsa musu. Kowa a gida yana gaishe ki. Ki riƙa cin abinci.

Wassalam,
Kawunki